Filin Tambayi Likita: Ruwa ya taru a ƙarƙashin haɓata bayan aikin gyaran wuya

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita, Allah ya ƙara basira. Ni mace ce 'yar shekara 44, ina zaune a cikin garin Gombe. Shekaru biyu da suka wuce aka umarce ni da in rage ƙiba saboda hawan jini, na kuwa rage sosai, amma sai fatar wuyana ta saki tana reto a ƙarƙashin haɓa, har na daina yarda a ɗauke ni hoto a wajen biki. Da na raka yayata Alƙahira ganin likitan ƙashi, sai na yi amfani da damar aka yi mini aikin ɗame wuyan. An yanka kaɗan a ƙarƙashin haɓa, an kuma yanka ta bayan kunnuwa biyu. An sa mini wata siririyar roba mai janye ruwa, aka cire ta bayan kwana biyu, aka warware ɗinki a rana ta bakwai, muka dawo gida a rana ta tara. Yau kwana 16 ke nan da aikin. Tun kwana biyar da suka wuce na lura gefen hagu na ƙarƙashin haɓar ya kumbura kamar ƙwan kaza. Babu zafi sosai, babu zazzaɓi, amma idan na taɓa sai in ji ruwa yana motsi a ciki. Gwaggona ta ce a riƙa gasa wurin da ruwan zafi safe da yamma, wani mai kemis kuma ya ce zai zuƙe mini shi da sirinji cikin minti biyar. Ban je asibiti ba saboda ina jin nauyin a ce Hajiya ta je gyaran jiki, domin ko a gida mutum uku ne kaɗai suka san gaskiyar abin da aka yi mini. Damuwata ta biyu ita ce tabo, domin hujin kunne na biyu da na yi tun ina budurwa ya yi tsiro kamar ƙwayar gyaɗa, kuma yana nan har yau. Ba zan ɓoye ba, na daɗe ina shafa man ƙara hasken fata. Ina mafita?

Wata baiwar Allah, Gombe

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba ki lafiya, ya kuma saka miki da alheri da kika faɗi komai ba tare da rufa-rufa ba, domin maganar tsiron kunne da ta man shafawa da kika ajiye a ƙarshen wasiƙarki suna cikin abubuwan da likitan da zai duba ki zai fi bukatar ji. Zan fara da abin da ba ya jira. Ki je asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu, ki nemi ganin likitan tiyata, kuma kafin nan kada ki bari kowa ya soka allura a wuyanki ko ya ɗora masa tsumma mai zafi. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe yana da likitocin tiyata da na'urar sikanin, kuma abin da kike bukata bai kai a ce sai kin koma Masar ba.

Abin da kika siffanta ya yi kama da wanda likitoci ke kira siroma. A aikin ɗame wuya likita yakan ɗaga fata daga kan siririyar tsokar da ke shimfiɗe a ƙarƙashinta, ya rage kitse, sau da yawa ya ɗinke tsokar a tsakiya, sannan ya ja fatar zuwa bayan kunne ya yanke rarar. Wannan ɗagawa tana barin wani fili kamar aljihu tsakanin fata da tsoka, kuma ƙananan jijiyoyin jini da hanyoyin ruwan jiki masu bi ta kaluluwa, waɗanda aka yanke a lokacin aikin, sukan ci gaba da tsattsafo da ruwa cikin aljihun har sai fatar ta manne da abin da ke ƙasanta. Ruwan garau yake, yana da ɗan launin rawaya, irin wanda kike gani idan bororon ƙuna ya fashe. Robar da aka sa miki aikinta ke nan, ta janye shi a kwanakin farko, shi ya sa kumburin ya fi bayyana bayan an cire ta, galibi a mako na farko ko na biyu. Naki ya fito a rana ta 11, bayan kin yi doguwar tafiya a jirgi da mota, don haka lokacinsa ya yi daidai da abin da muka saba gani. Samun siroma ba hujja ba ce ta cewa an ɓata aikin, kuma ba sakacinki ba ne.

Idan ruwan kaɗan ne, jiki yakan shanye shi da kansa cikin 'yan makonni. Amma wanda ya kai girman ƙwan kaza a ƙarƙashin haɓa ba na barinsa, saboda yana hana fata mannewa, yana miƙe ta a daidai wurin da aka wahala wajen ɗame ta, kuma idan ya daɗe jiki yakan gina masa bango ya zama jaka mai tauri wadda allura kaɗai ba ta iya kawar da ita. A asibiti za a goge wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sa sabuwar allura a zuƙe ruwan, wani lokaci ana kallo ta na'urar sikanin, a auna yawansa, a dubi launinsa, sannan a ɗaure wurin da bandeji mai ɗan matsi. Da wuya ki ji zafi, domin fatar wurin ba ta gama farfaɗowa ba. Ki sa a ranki tun yanzu cewa ruwan yakan dawo, kuma ana iya maimaita zuƙewar sau biyu ko uku ko fiye, bayan kowane 'yan kwanaki, yana raguwa a kowane zuwa. Na faɗi haka ne domin marasa lafiya da yawa idan suka ga kumburin ya dawo bayan zuwan farko sai su yanke ƙauna daga asibiti su nufi wani wuri. Idan ya ƙi ƙafewa, akwai mayar da robar na ɗan lokaci, akwai kuma maganin da ake zubawa cikin aljihun domin bangayensa su haɗe.

Za ki iya cewa ai mai kemis ɗin ma abin da zai yi ke nan. Bambancin yana da girma. Wuya wuri ne da manyan jijiyoyin jini masu kai jini ƙwaƙwalwa da masu dawo da shi suke wucewa, kuma a gefen muƙamuƙi akwai siririyar jijiyar da ke motsa leɓen ƙasa, wadda idan aka taɓa ta baki yakan karkace idan mutum ya yi murmushi. Bayan haka, ruwan da ke cikin aljihun a yanzu mai tsabta ne, amma abinci ne mai kyau ga ƙwayoyin cuta, kuma allura ɗaya da aka soka ta fatar da ba a tsabtace yadda ya kamata ba ta isa ta mai da shi mugunya cikin kwana biyu. Abin da na faɗa game da kemis ya shafi sakiya da ƙaho ma. Ina girmama wanzamai da sana'arsu ta gado, amma wuyan da aka ɗaga fatarsa makonni biyu da suka wuce ba wurin aska ko ƙarfe mai zafi ba ne.

Dalili mafi ƙarfi shi ne, ba kowane kumburi ne siroma ba, kuma ta wasiƙa ba zan iya rantsewa a kan naki ba. Akwai taruwar jini, wadda ta fi faruwa a cikin awa 24 na farko bayan aiki, ta kuma fi samun masu hawan jini, ko da yake tana iya zuwa daga baya. Ita tana girma da sauri, tana da tauri da zafi, fata takan yi duhu ta yi sheƙi, kuma a wuya tana iya danne hanyar numfashi. Idan kumburin ya ƙaru cikin sa'o'i, ko muryarki ta canja, ko haɗiya ta yi miki wuya, ko numfashi ya fara sarƙewa, to a kai ki sashen gaggawa a wannan lokacin ko da tsakar dare ne, kada a jira gari ya waye. Akwai kuma ruɓewar wurin, wadda alamunta su ne zazzaɓi da ya kai digiri 38, da zugi, da ɗumin fata, da ruwa mai kauri ko wari daga bakin ɗinki. A fatarmu jan da littattafan likitanci ke ambata ba ya fitowa sosai, don haka ki fi dogara da bayan hannunki, ki taɓa gefen da ya kumbura ki taɓa ɗaya gefen ki kwatanta ɗuminsu. Na ƙarshe shi ne taruwar yawu. A ƙarƙashin muƙamuƙi da gaban kunne, inda hangum ke kumbura wa yara, akwai ƙulle-ƙullen da ke samar da yawu, kuma wasu likitocin gyaran wuya sukan rage na ƙarƙashin muƙamuƙin. Idan kin lura kumburin yana ƙaruwa lokacin cin abinci, musamman mai tsami kamar kunun tsamiya ko lemun tsami, ki gaya wa likita, domin kulawar wannan ta sha bamban. Saboda haka ne nake so ki tafi da duk takardun da aka ba ki a Alƙahira, in kuma ba a ba ki rahoton aikin ba, ki aika wa asibitin ta WhatsApp su turo miki shi.

Game da shawarar Gwaggo, na san da kyakkyawar niyya ta ba da ita, domin gashi abu ne da muka taso muka tarar ana yi wa mai jego da mai targaɗe. Amma bayan irin wannan aiki fatar wuya da ta kusa da kunne takan yi makonni, wani lokaci watanni, ba ta jin zafi ko sanyi yadda ya kamata, saboda an yanke ƙananan jijiyoyin da ke kawo mata ji. Na taɓa duba wata mata da aka yi wa aiki a wuya, wadda 'yarta ta riƙa tsoma tawul a ruwan da aka sauke daga wuta tana danna mata. Uwar tana cewa ba ta jin komai, a ƙara zafi, ita kuwa yarinya tana ƙarawa. Da suka zo wurina akwai bororo uku jere a ƙarƙashin haɓa, kuma tabon ƙunar da ya rage ya fi na wuƙar likita faɗi nesa ba kusa ba. Zafi yana kuma buɗe jijiyoyin jini ya ƙara tsattsafowar ruwan. Ƙanƙara ma tana iya cutar da fatar da ba ta ji, haka nan man zafi kowane iri.

Abin da zai taimaka miki a gida shi ne matsi mai sauƙi da rage motsi. Na tabbata an ba ki maɗaurin roba mai zagaya haɓa zuwa tsakar kai. Ki ci gaba da sa shi yadda likitan da zai zuƙe ruwan ya tsara miki, ya kama amma kada ya shaƙe, kuma ki tabbata bai naɗe ya yi layi a fata ba. Na san zafin Gombe, musamman daga Maris zuwa Mayu, ba ya barin mutum ya ji daɗin irin wannan ɗauri, don haka ki samu guda biyu kina wanke ɗaya kina sa ɗaya, ki kuma shimfiɗa auduga ko ƙyalle mai laushi a ƙarƙashinsa saboda gumi da ƙurajen zafi. Ki kwanta rigingine, ki ɗaga kafaɗu da kai tare, kada ki tara matasai a ƙarƙashin kai kaɗai har haɓa ta dunƙule kan ƙirji, domin wannan lanƙwasa ita ce ke buɗe aljihun. Sunkuyar da kai a kan waya na tsawon lokaci ma haka yake yi. Daka, da jan ruwa a rijiya, da ɗaukar kaya ko jika, da shara a sunkuye, duk ki bar wa wasu har sai likita ya sallame ki, kuma idan za ki waiwaya ki juya da jikinki gaba ɗaya. Idan sujada tana sa ki ji wuyan ya cika ya yi nauyi, ki tambayi malaminki game da rangwamen da shari'a ta yi wa mara lafiya na yin salla a zaune da nuni, da kuma shafa a kan bandeji wajen alwala. Ki duba hijabinki ma, domin bakinsa yana zama ne daidai kan tabon ƙarƙashin haɓa, kuma robarsa tana goga wurin duk lokacin da kika yi magana. Mayafi mai laushi da ba a matse ba ya fi miki a watannin nan.

Kada ki yi wasa da maganin hawan jininki ko na rana ɗaya. Idan kina jin ciwo, farasitamol ya wadatar, amma asfirin da aibufurofen da dikilofenak, waɗanda ake sayarwa a kowane kemis da sunan maganin ciwon jiki, suna iya ƙara tsinkewar jini, don haka kada ki sha su sai da izinin likita. Idan kuwa likitan hawan jininki ne ya ɗora ki a kan asfirin tun da, kada ki daina da kanki, ki sanar da likitan tiyata su daidaita.

Kin ce kina jin nauyin a san kin yi gyaran jiki. Ina fahimtar wannan, kuma ba zan raina shi ba, domin na san yadda magana ke yawo a gari. Amma abin da kika faɗa wa likita amana ce da aikinsa ya wajabta masa riƙewa, kuma bai zauna a kujerarsa don ya yi miki hukunci a kan abin da ya riga ya wuce ba. Abin da ya fi damuna a irin wannan hali shi ne matan da ke zuwa su ce wai ƙari ne ya fito musu haka kawai, ko su ce aikin maƙoƙo aka yi musu, sai a ɓata lokaci da kuɗi ana gwaje-gwajen da ba su da amfani. Ki faɗi sunan aikin da ranar da aka yi shi kamar yadda kika rubuto mini.

Yanzu sai maganar tabo, wadda tafiyarta doguwa ce. Rauni yakan rufe a sama cikin mako biyu, amma a ƙasa jiki yana ci gaba da saƙa wani zare da ake kira kolajin, yana warwarewa yana sake saƙawa, har tsawon wata 12 zuwa 18. A makonnin farko tabon ba shi da ƙarfi ko kaɗan, kuma ko bayan ya nuna ba ya wuce kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fatar asali. A wata na biyu da na uku yakan yi kauri, ya yi duhu, ya yi ƙaiƙayi, a nan ne mutane ke firgita su fara shafe-shafe, alhali yawancin tabo daga nan suke fara kwanciya. Haka nan za ki iya jin wasu ƙulle-ƙulle masu tauri a ƙarƙashin haɓa inda aka rage kitse, su ma sukan yi laushi cikin watanni uku zuwa shida.

Sai dai ke ba za ki tsaya ga haƙuri kaɗai ba, saboda tsiron da ke kunnenki. Tabo mai tashi iri biyu ne. Akwai wanda ke yin kauri amma ya tsaya a iyakar inda aka yanka, kuma yakan sauka da kansa a hankali. Akwai kuma kiloyid, wanda ke ƙetare iyakar raunin ya ci fatar da ke da lafiya, ba ya sauka da kansa, yana iya fitowa watanni bayan rauni ya warke, yana bin jini a wasu gidaje, kuma ya fi samun masu baƙar fata. Wuraren da ya fi so su ne kunne, da layin muƙamuƙi, da tsakiyar ƙirji, da kafaɗa. Abin da kika siffanta a hujin kunnenki kiloyid ne bisa dukkan alamu, ga shi kuma an yanka ki a bayan kunnuwan nan biyu. A ganina wannan magana ce da ya kamata a tattauna da ke kafin a taɓa ki da wuƙa. Tun da aikin ya riga ya gudana, abin da ya rage shi ne a riga tabon, kada a jira ya tashi.

Abin da ya fi samun amincewar likitoci wajen rigakafi shi ne silikon, ko dai faifan da ake mannawa ko kuma mai da ake shafawa ya bushe a kan fata. Ana fara shi ne bayan raunin ya rufe ruf, babu ɓawo babu tsattsafo, kuma a ƙarƙashin haɓarki sai an gama da zuƙe ruwan. Ana barin faifan aƙalla awa 12 a rana, a cire a wanke shi da sabulu mara ƙarfi a mayar, na tsawon wata biyu zuwa uku, ke kuwa zan so ki kai wata shida. A bayan kunne, inda gashi da gumi ke hana faifai zama, man ya fi sauƙi. Idan silikon ya yi miki tsada ko bai samu ba, filastar takarda irin Micropore da ake mannawa a kan tabo tana rage jan da fata ke yi masa, kuma ja yana cikin manyan abubuwan da ke sa tabo ya yi kauri. Idan likita ya ba ki dama, ki riƙa murza tabon da yatsa a hankali na minti biyar sau biyu a rana, da ɗan man kaɗanya ko bazilin don santsi. Amfanin yana cikin murzawar da laushin da fata ke samu, ba wai man yana narkar da tabo ba. Man bitamin E da ake yawan tallatawa ba a tabbatar yana gyara tabo ba, kuma yakan jawo wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje. Ki kare tabon daga rana har shekara guda, domin rana tana ƙona sabon tabo ya yi baƙi ƙirin. Mayafi yana taimakawa, man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama yana ƙarawa.

Man ƙara haske kuwa, ki nisanta shi daga wuya da fuska. Da yawa daga cikin waɗannan mayuka, musamman haɗin da ake sayarwa a kwalba babu rubutu, suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, ko haidurokwinon, wasu har da sinadarin makuri mai illa ga ƙoda. Sitiroyid yana sirantar da fata, yana jinkirta warkewar rauni, yana rage mata ƙarfin yaƙi da ƙwayoyin cuta, kuma idan an daɗe ana shafa shi a jiki duka yana iya tayar da hawan jini da suga, abin da ya shafe ki kai tsaye. Ki ɗauki kwalaben ki kai wa likita ya gani, domin wanda ya shekara da shekaru yana shafa sitiroyid a hankali ake janye shi. Ki ci abinci mai gina jiki, wake da ƙwai da kifi da nono da nama, tare da lemu da gwaiba da zogale. Na sha jin ana hana mai rauni ƙwai ko gyaɗa wai suna kawo mugunya, alhali ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta, kuma jiki da irin wannan abinci yake saƙa naman da zai rufe raunin.

Ki nemi a riƙa duba tabon kowane wata a watanni shida na farko. Da zarar kin ji wani sashe ya fara tauri yana tasowa, ko ƙaiƙayi ya ƙaru, ki koma ba tare da jiran ranar da aka ba ki ba, domin akwai allurar da ake yi a cikin tabon, wadda zan yi bayaninta a amsar da ke biye, kuma ta fi aiki a kan ƙaramin tabo sabon tashi.

Tambaya:

Likita barka da aiki. Wata biyar ke nan da aka yi wa maiɗakina aikin maƙoƙo, an samu nasara alhamdu lillahi. Amma tabon da ke gindin wuyanta ya tashi kamar igiya, ya yi duhu, yana mata ƙaiƙayi har ta kasa barci, kuma ta daina sa sarƙa. Wani ya ba mu shawara mu je a yanke shi a sake ɗinkewa da kyau. Shin hakan ya dace?

Wani magidanci, Bauchi

Amsa:

Malam, Allah ya ƙara mata lafiya, ya saka maka da kulawar da kake yi. A wata na biyar ban goyi bayan a yanke ba. Idan tabon ya tsaya a kan layin da aka yanka, bai bazu sama ko ƙasa ba, to mai yiwuwa irin wanda ke sauka ne, kuma likitoci ba su cika sake yanka tabo ba sai ya shekara, saboda kafin nan bai gama nuna ba. Idan kuwa ya ƙetare layin, wato kiloyid ne, yankewa kaɗai ita ce hanya mafi haɗari, domin sau da yawa yakan dawo ya fi na farko girma. Idan har aka yanke kiloyid, to ana haɗawa ne da allura ko gashin na'ura, wato irin hasken da ake yi wa masu ciwon daji a asibiti, a kwanakin farko bayan aikin, kuma wannan shawara ce ta ƙwararren likita.

Abin da ya dace da ita yanzu shi ne ku koma wurin likitan da ya yi aikin, ko ku nemi likitan fata ko na tiyatar gyara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke nan Bauchi. Maganin da aka fi farawa da shi allurar tirayamsinolon ce, wadda aka fi sani da Kenacort, ana yin ta a cikin naman tabon kansa kowane mako huɗu zuwa shida, sau da yawa har zuwa karo uku ko fiye. Ƙaiƙayin ne ke fara lafawa, sannan tabon ya yi laushi ya fara kwanciya. Allurar tana da zafi lokacin yinta, kuma tana da illar da ya kamata ku sani tun kafin a fara: idan ta yi yawa ko ta fita daga cikin tabon, fatar gefe takan yi fari ko ta lotsa, abin da ke fitowa fili a baƙar fata, ko da yake yakan gyaru a hankali. Wasu matan kuma al'adarsu takan ɗan rikice na ɗan lokaci. Shi ya sa ba allurar da za a saya a kai wa mai kemis ba ce, ko da kuwa ana samunta a kasuwa. Idan tana da ciki, ko tana shayarwa, ko tana da ciwon suga, ku faɗa kafin a yi.

Tsakanin allura da allura ta riƙa manna faifan silikon kamar yadda na bayyana wa Hajiya a sama, ta yanke farce saboda susa cikin barci, ta kuma ci gaba da ajiye sarƙa da riguna masu matse wuya ko masu aikin zare mai kaushi a baki. A lokacin hunturu bushewar fata tana ƙara ƙaiƙayin, don haka ta yawaita shafa man kaɗanya a kewayen wurin. Idan kun je, ku roƙi likita ya duba ko lokacin gwajin jinin maƙoƙo ya yi, musamman idan an ɗora ta a kan ƙwayar da ake sha kowace safiya bayan aikin, kuma ku ɗauki hoton tabon da waya yau, a wuri mai haske, domin ku samu abin kwatantawa bayan allura ta biyu.